Annobar Korona da Makomar Sauti Mai Inganci: Duba Daga Ruwan Godiya

Gabatarwa

Cikin abubuwan da annobar korona ta taɓa tun daga shekarar 2020, akwai wanda manazarta Hausa ba su cika waiwaya ba, wato kayan sauti da al'adar sauraro. An tattauna waƙoƙin faɗakarwa da annobar ta haifar, an kuma bi diddigin kalmomin da ta cusa a bakin jama'a, irin su takunkumin fuska da killacewa da dokar kulle. Tambayar da aka bari ita ce ta na'urar da Bahaushe ya saurari waɗannan waƙoƙi da ita, da kuma adadin abin da ya iso kunnensa daga cikin abin da mawaƙi ya rera, makaɗi kuma ya kaɗa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne annoba ɗaya ta yi aiki biyu mabambanta. A Turai da Amurka ta raya kasuwar kayan sauti masu tsada, domin a can mai sha'awar tsaftataccen sauti a cikin ɗakinsa yake sauraro, kulle kuwa ɗaki ya mayar da shi. A ƙasar Hausa ta raunana wannan kasuwa, domin a nan sauti mai kyau kayan taro ne, kulle kuwa taro ya hana. Garin Ruwan Godiya da ke Ƙaramar Hukumar Faskari a Jihar Katsina, tare da maƙwabtansa na Ƙanƙara da Sabuwa, wuri ne da ya dace a dubi lamarin daga gare shi, saboda a nan ne raunin da annoba ta fara ya haɗu da matsalar tsaro. Asarar da aka yi kuwa ta shafi fagen nazarin Hausa kai-tsaye, tun da waƙar baka da kunne ake nazarinta.

Abin da Ya Faru a Kasuwar Duniya

A ƙasashen da suka ci gaba akwai rukunin mutane da suka mayar da sauraro sha'awa mai zaman kanta. Mutum zai kashe kuɗin da ya isa sayen mota a kan lasifika biyu da amfilifaya da na'urar juya faifai, burinsa kawai ya ji waƙa kamar makaɗan suna gabansa. Babban baje-kolin wannan kasuwa shi ne wanda ake kira High End, da aka saba yi a birnin Munik na Jamus. Annoba ta sa an soke shi a 2020 da 2021, bai dawo ba sai a watan Mayu na 2022. Shagunan da ake shiga a saurari na'ura kafin a saya su ma sun rufe na wani lokaci.

Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba. Mutanen da aka hana tafiye-tafiye da zuwa wuraren wasa sun juya kuɗinsu zuwa abin da zai ɗebe musu kewa a gida. A Amurka, kuɗin da aka samu daga baƙin faifai, jikan faifan garmaho, ya zarce na faifan CD a shekarar 2020, abin da rabon da a gani tun 1986. A 2021 kamfanin Apple ya fara bai wa masu sauraron waƙa ta intanet sautin da ba a rage masa komai ba, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Matsalar da kasuwar ta fuskanta ta ƙarancin kaya ce. A watan Oktoba na 2020 gobara ta cinye masana'antar kamfanin AKM da ke Nobeoka a Japan, wadda ke ƙera ƙwayoyin lantarkin da ke mayar da lambobin kwamfuta su koma sauti, lamarin da ya jefa masu ƙera na'urori da yawa cikin neman madadi. Kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a teku, wanda bai kai dala 2,000 ba kafin annoba, ya haura dala 10,000 a watan Satumba na 2021. Tsohon kamfanin Onkyo na Japan, wanda dama yana tangal-tangal, ya durƙushe a 2022.

Ke nan a can masu saye sun ƙaru, kaya sun yi ƙaranci, farashi ya tashi. Daga cikin waɗannan abubuwa uku, biyu na ƙarshe ne kaɗai suka iso Ruwan Godiya.

Sautin Ƙwarai a Ƙasar Hausa Kayan Taro Ne

Wanda ya nemi mai lasifikar miliyoyin naira a cikin ɗakinsa a ƙauyukan Faskari zai sha wahala, daga nan kuma yana iya yanke hukuncin cewa batun ingancin sauti bai shafi Bahaushe ba. Wannan hukunci kuskure ne, domin an nemi abin a inda ba ya zama. Tun shigowar na'urorin sauti ƙasar Hausa a bainar jama'a suka sauka. Rediyo mai waya da aka kafa a Kano a 1944 a dandali da bakin kasuwa da ƙofar fada aka fi jin sa. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya shiga ƙauyuka ta akwatin da mutum ɗaya ya mallaka, majalisa guda kuma ta kewaye. Da kaset ya yaɗu daga shekarun 1970, rikodar mai shayi da ta direban mota da ta tela su ne suka zama makarantar sauraro. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa ko'ina.

A gari irin Ruwan Godiya, mutumin da ya fi kusa da mai sha'awar sauti na Turai shi ne mai hayar kayan sauti. Shi ne ke da amfilifaya da manyan akwatunan lasifika da makirufo da janareta, yana kai su wurin biki da suna da maulidi da wa'azi da saukar karatu da taron siyasa. Kusa da shi akwai mai gyaran rediyo, wanda ke naɗa wayar lasifikar da ta ƙone, da kafintan da ke harhaɗa akwatinta da katako, da mai gidan kallo, da matashin da ke kula da amsa-kuwwar masallaci. Waɗannan mutane suna da kunne, suna kuma da kalmomin hukunci. Sukan ce sauti ya fita tas, ko yana da nauyi, ko yana shaƙewa, ko yana tsatsa, ko murya ta nutse a cikin kiɗa. Mai biki da ya san abin da yake so yakan zaɓi mai haya saboda kayansa ba sa fasa murya, ko da kuɗinsa ya fi na wani. Wannan ita ce kasuwar sauti mai inganci ta karkarar Hausa, kuma taro ne ke biyan kuɗinta.

Yankin yana da gadon da ya horar da irin wannan kunne. A Funtua, babbar kasuwar da Faskari da Sabuwa ke dogaro da ita, Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo kafin rasuwarsa a 1999, a nan kuma Barmani Coge ta yi tashe da kiɗan ƙwarya har zuwa rasuwarta a 2013. Jama'ar da suka taso suna jin kalangu da ƙwarya ido da ido sun san yadda ya kamata su fito daga lasifika.

Kayan kuwa daga nesa suke zuwa. Mafi yawansu daga masana'antun kudancin Sin ake yo odarsu, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su shiga kasuwar Alaba, daga nan su hauro kasuwar Sabon Gari a Kano, sannan ɗan kasuwar Funtua ko mai hayar kansa ya je ya saro. Akwai kuma na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda masu sana'ar suka fi yarda da ƙarkonsu. Duk inda wannan igiya ta tsinke, wanda ke can ƙarshenta shi ne zai fi jin jiki.

Yadda Kulle Ya Tsinke Igiyar

An tabbatar da shigowar cutar Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Kafin ƙarshen Maris gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da manyan tarurruka, har da na biki da sallar Juma'a. Irin nauyin da wannan mataki ya yi wa jama'a ya bayyana a Kusada ranar 28 ga Maris, inda tarzoma ta ɓarke har aka ƙone ofishin 'yan sanda. A farkon Afrilu wani likita ya rasu a Daura sakamakon cutar, aka rufe garin, daga nan aka riƙa rufe ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, Legas kuwa tun ranar 30 ga Maris. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai ranar 1 ga Yuli. Iyakokin ƙasa na tudu dama a rufe suke tun watan Agusta na 2019, ba a buɗe su ba sai a Disamba na 2020.

Lokacin da abin ya faɗo ma ya ƙara masa muni. Makonnin da ke gabanin azumi lokaci ne na yawan aure a ƙasar Hausa, azumin 2020 kuma ya kama ne ranar 24 ga Afrilu. Mai hayar kayan sauti ya rasa bukukuwan gabanin azumi, ya rasa tafsirin da shugabannin addini suka nemi a daina taruwa dominsa, ya kuma rasa shagulgulan salla, tun da masarautun Katsina da Daura da Kano duk sun soke hawa a wannan shekara. Kakar da ya saba tara abin da zai ci har damina ta wuce, kakar ce aka rufe.

A daidai lokacin da kuɗin shiga ya tsaya, kuɗin kaya ya tashi. Babban Bankin Nijeriya ya sauya farashin dala daga naira 306 zuwa 360 a watan Maris na 2020, ya ƙara zuwa wajen 380 a cikin shekarar, sannan zuwa 410 a Mayun 2021, a kasuwar bayan fage kuwa dala ta haura naira 500 a 2021. Idan aka haɗa wannan da tsadar dakon kwantena da ƙarancin ƙwayoyin lantarki, za a ga dalilin da ya sa wanda amfilifayarsa ta ƙone a wannan lokaci ba shi da zaɓi mai daɗi. Ko dai ya bar ta a ajiye, ko ya sa mata kayan gyara masu arha waɗanda ke rage mata kyau, ko ya sayar da wani sashe na kayansa ya ciyar da iyali. Gwamnati ta fito da tallafi, ciki har da rancen naira biliyan 50 na Babban Banki ta hannun bankin NIRSAL, da asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75. Sai dai neman su ya buƙaci asusun banki da lambar BVN da cike takarda ta intanet, sharuɗɗan da suka fi sauƙi ga ɗan birni.

Ana Kukan Targaɗe Sai Ga Karaya

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba korona kaɗai ta yi wannan ɓarna a yankin Faskari ba. A birane, da aka sassauta doka bukukuwa sun dawo, masu haya suka farfaɗo sannu a hankali. A yammaci da kudancin Katsina kuwa, ɗage kullen cuta ya tarar da kullen tsoro. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyen Kadisau na Ƙaramar Hukumar Faskari. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, na tsawon watanni. An kuma hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama.

A irin wannan hali lasifika ta koma abin gudu. Sautin da a da yake shelar farin ciki ya zama mai sanar da na daji cewa ga taro, ga kuma gidan da ke da abin hannu. Bikin dare ya koma na rana, na fili ya koma na cikin gida, wasu ma suka ɗauki aurensu zuwa Funtua ko Zariya. Abin lura a nan shi ne annoba ce ta fara koya wa jama'a cewa aure yana ɗauruwa ba tare da kiɗa ba, rashin tsaro kuma ya mayar da wannan darasi na wucin gadi ya zama ɗabi'a. Sana'ar da ta fita daga kulle da rauni ba ta sami sararin da za ta warke ba.

Daga Akwatin Lasifika Zuwa Tafin Hannu

Jama'a ba su daina sauraro ba, wurin sauraron ne ya sauya. Shekarar 2020 ita ce shekarar da waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta game gidaje ta hanyar wayoyin hannu, ita ce kuma shekarar da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So suka kafu a YouTube. A karkara, inda kuɗin data ke da nauyi, hanyar ita ce mai turi, wanda ke zuba waƙoƙi da wa'azi da finafinai a katin memori, sai kuma turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender. Na'urar sauraro kuwa ita ce lasifikar wayar kanta, ko ƙaramar rediyo mai cin memori da ake caji.

A nan ne ingancin ya zube, kuma ana iya auna zubewar. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 na bayanin sauti a kowace daƙiƙa. Fayil ɗin MP3 da aka saba turawa yana ɗauke da 128, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, sau da yawa ma mai turi yakan ƙara matse shi domin kati ya ɗauki waƙoƙi masu yawa. Duk lokacin da aka sake matse fayil ɗin da dama a matse yake, wani abu yana ƙara salwanta, ba kuma ya dawowa. Kunnen ɗan'adam yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, amma lasifikar waya, saboda ƙanƙantarta, ba ta iya fitar da sautukan ƙasa masu kauri. Waɗannan sautuka kuwa su ne jikin ganga da tambari da taushi da babban kalangu. Abin da ke saura shi ne ƙarar bugun ba tare da amonsa ba.

Waƙar zamani da aka haɗa a sitidiyo da fiyano da kwamfuta ba ta cika cutuwa ba, domin masu haɗa ta sun san a waya za a ji ta, sun kuma daidaita ta a kan haka. Wadda ke cutuwa ita ce tsohuwar waƙar baka. Kotson Musa Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji an ɗauke su ne a kan faifai ko zaren kaset, aka kwafa daga kaset zuwa kaset sau da yawa, sannan wani ya mayar da kwafin ƙarshe zuwa MP3. Yaron da ya taso a Ruwan Godiya bayan 2020, wanda bai ga makaɗi a fili ba, bai kuma ji waɗannan waƙoƙi ta babbar lasifika ba, da wannan gurɓataccen kwafi zai auna gadon kakanninsa. Idan ya ce tsohuwar waƙa ba ta da daɗi, bai yi ƙarya ba game da abin da ya iso kunnensa.

Hujjojin da ke Ƙalubalantar Wannan Ra'ayi

Hujja ta farko ita ce a yankin da ake kashe mutane, ake kuma hana su noma, maganar ingancin sauti maganar ƙoshi ce. Babu mai hankalin da zai daidaita asarar lasifika da asarar rai. Amma bayan kowace lasifika akwai mai ita da yaransa da mai gyara da kafinta da mai baburan dako da mawaƙin da ake gayyata, kuma matashin da sana'arsa ta mutu a yankin da daji ke neman matasa ba ƙaramin lamari ba ne. Bugu da ƙari, taron da lasifika ke kira shi ne inda gari ke ganin kansa a matsayin gari. Shirun da ya maye gurbinsa yana cikin ma'aunin abin da rikici ya ci.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a fagen ilimi. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa gurɓacewar hoto da sauti ta daɗe da zama ɓangare na yadda mutanen Kano ke mu'amala da kafafen zamani, saboda kwafi a kan kwafi da rashin tsayayyar wutar lantarki. Bisa wannan, mai ja yana iya cewa babu wani tsaftataccen sauti da aka rasa, domin dama ba a taɓa samunsa ba. Amsar ita ce a zamanin kaset gurɓataccen kwafi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da asali. Wanda ya ji Shata a rikoda yana iya ganinsa a filin wasa ko gidan biki, kunnensa kuma ya cike giɓin da kaset ya bari. Yau manyan makaɗan sun rasu, taron ya yi ƙaranci, saboda haka kwafin ya rasa abin da za a gwada shi da shi.

Hujja ta uku ita ce waya ta buɗe ƙofa ga waɗanda taro ya saba rufe wa, musamman matan aure da ke cikin gida, waɗanda yanzu suke zaɓar abin da za su ji da lokacin da za su ji shi. Wannan gaskiya ce, kuma ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Sai dai yawan masu sauraro da kyan abin da suke sauraro ba kishiyoyi ba ne. Matar da ke jin Barmani Coge a wayarta ta cancanci kwafin da ƙwarya ke fita a cikinsa a matsayin ƙwarya.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Manazarta

Nazarin waƙar baka ya ginu a kan rubuta matani daga sauti. Ayyuka irin su Diwanin Waƙoƙin Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da tarihin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, sun dogara ga sauraro mai zurfi da ganawa da waɗanda suka san makaɗan. Ɗalibin yau kuwa sau da yawa daga wayarsa yake rubuta matanin da zai gina kundinsa a kai. Rufe jami'o'i a 2020, da yajin aikin malamai da ya ɗauki daga Maris zuwa Disamba na wannan shekara, da haɗarin shiga ƙauyuka bayan haka, duk sun ƙara tura shi ga abin da ya samu a intanet. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, yana kuma bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ita. A kwafin da ya dushe, ɗa da da, ko ƙ da k, suna iya rikicewa, amshin 'yan karɓi yana iya nutsewa, abin da kalangu ke faɗa kuma yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Kuskuren ji yakan zama kuskuren matani, daga nan ya zama kuskuren sharhi, wani ɗalibin kuma ya kwafa daga na farko.

Saboda haka akwai matakai huɗu da sassan Hausa za su iya ɗauka ba tare da jiran kasafi mai nauyi ba. Na farko, a wajabta wa ɗalibi ya bayyana tushen sautin da ya yi aiki da shi, ko faifai ne ko kaset ko MP3, da inda ya samo shi, kamar yadda ake bayyana bugun littafi. Na biyu, kowane sashe ya tanadi ɗakin sauraro mai lasifika biyu masu kyau da na'urar kunne ta ƙwarai, abin da kuɗinsa bai kai na shirya taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ba. Na uku, a bi sawun kaset da faifan asali da ke hannun tsofaffin masu shagon kaset da masu haya da gidajen rediyo a Funtua da Malumfashi da Katsina, a mayar da su zuwa kwamfuta bisa ƙa'idar ƙungiyar IASA ta masu adana sauti ta duniya, wadda ta nemi a ajiye asali a fayil ɗin WAV da ba a matse ba. Lokaci yana ƙurewa, domin tun a 2019 UNESCO da wannan ƙungiya suka yi gargaɗin cewa na'urorin juya zaren kaset da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su ne mafi kusa da wannan aiki, Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma suna da gogewar da za a jingina da ita. Na huɗu, a ɗauki masu hayar kayan sauti da masu gyara a matsayin majiya ta ilimi. Kalmominsu na sifanta sauti wani yanki ne na ƙamus ɗin Hausa da ba a tattara ba tukuna, kuma tarihin bukukuwan garuruwansu yana cikin kawunansu. Da yawa daga cikin mutanen waɗannan ƙauyuka suna zaune yanzu a Funtua da Faskari da Katsina, inda manazarci zai iya samunsu ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba.

Kammalawa

Baje-kolin Munik ya dawo, farashin dakon kwantena ya sauka, masana'antu sun ci gaba da ƙera na'urori. Kasuwar da ta dogara ga mutum ɗaya a ɗakinsa ta fita daga annoba da ƙarfinta. Wadda ta dogara ga taron jama'a, irin ta Ruwan Godiya da Ƙanƙara da Sabuwa, makomarta tana ɗaure da dawowar zaman lafiya, abin da ba ya hannun manazarta. Abin da ke hannunsu shi ne kaset ɗin da bai riga ya ruɓe ba, da tsohon mai gyaran da bai riga ya rasu ba, da ɗalibin da za a iya koya masa ya tambayi asalin abin da yake ji kafin ya rubuta. Idan aka yi wannan aiki yanzu, ranar da taro ya dawo waɗannan garuruwa za a sami kwafin ƙwarai da za a sa a lasifika, yaran da suka taso cikin shiru su ji kalangu da amonsa.